Masallacin da Ke da Zakara a Kansa

Jamus, watan Afrilu

Zuwa ga Gwaggo Ummulkhairi, unguwar Zahir, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Yaya Nasir da iyalinsa, da Suhaila. Yaya gwiwar? Na ji an ce a kan kujera kika ƙarasa tarawihin bana. Allah ya sawwaƙe. Ni ƙalau nake, sai mura da ba ta rabuwa da mutum a ƙasar nan.

Gwaggo, ranar Sallah da na kira na fara kawo maganar Suhaila, kin ce gaisuwa ake yi a waya, maganar aure kuwa sai a takarda, wadda mutum zai sa hannu ya kasa musawa gobe. To ga takardar. Ina neman auren Suhaila. Mun yi magana da ita, ta ce in kin yarda ta yarda. Ni ba baƙonki ba ne. Kakana da mahaifinki ciki ɗaya suka fito, a tsakar gidanki na unguwar Tandabawi a Makka na koyi tafiya, kafin rashin iƙama, takardar izinin zama, ya mayar da ni Kano, Kano kuma ta turo ni nan.

Kin ce in bayyana sana'ata, don ba kya ba da 'ya ga mutumin da in an tambaye shi aikinsa sai ya ce buga-buga. Sana'ar Baba nake yi, Allah ya jiƙansa. Shi yana ƙera butocin gahawa da jan ƙarfe, ni ina rufin gini da shi. Wanda muke kai yanzu wata tsohuwar majami'a ce a tsakiyar gari, ta fi shekara ɗari uku. Rufinta ya tsufa har ya zama kore shar, ya yi laushi kamar takarda, ruwa yana bi ta ciki yana ruɓar da katako. Muna ɓamɓare tsohon, muna shimfiɗa sababbin faranti, a naɗe bakin wannan da bakin wancan, a daddale da gudumar katako. Hukuma ta sa ginin cikin kayan tarihi, saboda haka ƙusa ɗaya ba ma canzawa sai wata mata daga ofishinsu ta zo ta duba.

Ga hoton ginin na haɗo, irin wanda ake sayar wa baƙi. Zan ba wata baiwar Allah da za ta zo Umra ta kawo miki hannu da hannu.

Ɗanki,
Tsoho

*

Makka, ƙarshen Shawwal

Ɗana Tsoho,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, likita ya ce in rage shinkafa, na ce masa shi ma ya rage magana. Nasir ya fara shirin aikin motocin alhazai, daga yanzu har a gama Muzdalifa sai dai mu ji muryarsa a jawwal, wayar hannu. Suhaila tana saidaliyyarta tana ba mutane magani.

Takardarka ta zo. Na karanta, na duba hoton, sai da na yi hawaye. Ashe masallaci kake rufawa ka zauna kana ta kawaici? Ka rubuta majami'a, na gane Hausarku ta Kano ce ta ƙara masa baƙi a gaba, mu nan jami'i muke cewa, masallacin Juma'a. Ga shi kuma kore, kamar an gutsuro daga Madina. Ɗan Sufyan mai butoci ne yau a kan masallacin Jamus. Da ubanka yana raye da ya rufe shago ya yi sadaka.

Na yarda. Nasir ma ya yarda, shi ne waliyyi tunda mahaifinsu ya rasu. Ya ce bayan Hajji a sa ranar milka, wato ɗaurin aure, in Hausar Makka ta ɓace maka.

Hoton na sa an yi masa gilashi, yana falo saman talabijin, na rataya masa carbi. Ka tuna Saudatu maƙwabciyata ta Tandabawi? Tare muka tashi zuwa Zahir, har yau ƙofarmu tana kallon ƙofarta. Shekara biyu ke nan tana cika mana kunne da surukinta mai ɗaura mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a wani otal kusa da Harami. Na kira ta shan shayi, na zaunar da ita daidai hoton. Ta ce, "Wannan fa?" Na ce, "Ba komai, ɗan aikin da yaronmu yake yi ne." Ta sha shayinta da zafinsa.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Na sa tabarau na duba ƙololuwar hasumiyar, sai na ga kaza a inda ya kamata in ga hilali. Nasir ya ce zakara ne, wataƙila da yake ba a barin ku kiran salla da lasifika shi ya sa aka ɗora shi don tuna wa mutane asuba. Na karɓi wannan, amma tunda kana sama, ka sauke shi ka sa musu jinjirin wata kamar na kowa.

Matan layinmu sun ce ba za a bar su a baya a lada ba. Sun tara dardumai da carbuna, kwali guda, Saudatu ma ta kawo tata, ko da yake tsohuwa ce ta wanke. Na ba masu kargo da adireshin da ke bayan hoton, na rubuta a kai a ba Liman. Ka gaishe shi. Wane ƙabila ne? Yana da iyali?

Ka riƙa ɗaura igiya a ƙugu.

Gwaggonka,
Ummulkhairi

*

Jamus, watan Yuli

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan an gama aikin Hajji lafiya, Yaya Nasir ya huta da ƙurar Muzdalifa. Ki yi haƙuri da jinkiri. An rufe Umra saboda Hajji, ban sami mai zuwa ba, ke kuma kin hana magana a waya. Yanzu Alhaji Majid na garinmu zai zo da matarsa Ikram, su zan ba.

Na gode da amincewarki, Allah ya saka da alheri. Amma akwai gyara, kuma tun da na karanta takardarki abinci ba ya yi mini daɗi. Gwaggo, majami'a ba jami'i ba ce. Coci ne. Kanisa, yadda kuke faɗa a nan. Koren kuma ba fenti ba ne, haka jan ƙarfe yake komawa in ya daɗe yana shan ruwa da iska. Zakaran nasu ne, yana juyawa yana nuna inda iska ta nufa, kuma in na taɓa shi ba da izini ba sai an kai ni kotu.

Kwalinku ya iso. Wadda ta karɓa ita ce fastonsu, mace ce, dattijuwa mai zuwa aiki a kan keke. Ta tsaya a ƙasa tana ɗaga mini hannu har na sauko, ta nuna rubutun ta ce me ake nufi. Na ce shugaban masu salla. Ta ce to ai kusan ita ce, ta buɗe. Da na yi mata bayani ta yi dariya har ta zauna a kan kwalin, sannan ta ce in isar da godiyarta ga matan Makka.

Mutanen kirki ne. Sun ba ni mabuɗin ƙofar baya, ina shiga ina fita lokacin da na so. Makon jiya rana ta buɗe, farantin ya yi zafi kamar tanda, na sauko jiri yana ɗiba ta. Faston ce ta zaunar da ni a ciki, ta zuba mini ruwa a ka, na ji kamar an sake haihuwa ta.

Don Allah ki sauke hoton kafin wani ya gane.

Ɗanki,
Tsoho

*

Makka, Muharram

Tsoho,

Muna lafiya, in wannan ita ce lafiya.

Baƙinka sun zo. Da yake daga garin surukina suke, na yi azuma, wato walima, na dafa shinkafa da rago, na gayyato matan layi su ji labarin masallaci daga bakin ganau. Alhaji Majid yana wajen Nasir, Ikram tana falo tare da mu. Takardarka tana cikin jakarta ba ta ma ciro ba. Ta ɗaga kai ta ga hoton, ta ce, "Laa, cocin garinmu. Hajiya, me ya kawo shi nan har da carbi?"

Na ce, "Masallaci dai."

Ta ce, "A'a Hajiya, ta gabansa nake bi in kai yara makaranta. Ƙararrawarsa ce ma take tashin mu."

Saudatu ta ajiye ƙashin da take gwaguya, ta goge hannu a hankali, ta ce, "To dardumata tana ina yanzu?"

Da suka watse na buɗe takardarka ina neman abin da zai sanyaya mini rai. Sai na tarar sun ba ka mabuɗi. Na tarar mace ta shigar da kai ciki ta zuba maka ruwa a ka, har kana cewa an sake haihuwar ka. Ni ban yi boko mai zurfi ba, aji huɗu na yi a Kano aka kawo ni nan, amma ina kallon talabijin. Na san da ruwa a ka ake shiga addininsu. Na nuna wa Nasir, ya karanta sau biyu, ya tashi ya yi alwala.

Ka faɗa mini gaskiya, ya waladi. Har yanzu sunanka Tsoho, ko sun sa maka wani? Kana salla? In ka bar ta, tun yaushe?

Na tambayi Suhaila ko ta sani. Ta ce abin da ka gaya mata shi ne kana gyaran ginin tarihi. Ta ce ita ba ginin ne ya ɓata mata rai ba, aiki aiki ne, ita ma ba ta tambayar addinin mai ciwon kai kafin ta miƙa masa magani. Abin da ya ƙona ta, kullum kuna waya, ka san halin da ake ciki tun kafin Hajji, ka bar uwarta tana yawo da hoto gida gida. Ta ce mutumin da yake zagaye kalma tun kafin aure, bayan aure gari zai riƙa zagayewa. Ta toshe lambarka, kada ka wahalar da yatsanka.

Nasir ya ce maganar milka ta tsaya. In kana son a ɗaga ta, ka sauko daga kan ginin nan yau, ka nemi wani aikin.

Hoton yana ƙarƙashin gado. Gurbinsa a bango ya fi sauran wurin haske, duk wanda ya shigo nan yake fara kallo.

Ummulkhairi

*

Jamus, watan Satumba

Gwaggo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Na cika sallamar don ki fara samun natsuwa tun daga layin farko. Ina fatan kina lafiya, da gwiwa, da kowa.

Sunana Tsoho. Ina salla biyar. Ruwan da aka zuba mini na famfo ne, a cikin bokitin goge ƙasa, kuma abin da matar take faɗa lokacin shi ne a kira motar asibiti. Mabuɗin na ɗakin ajiyar kaya ne, inda muke sa guduma da almakashi. A nan nake azahar da la'asar, a kan ɗaya daga cikin dardumanku. Faston ce da kanta ta kwashe kujeru ta share mini gefe, ta tambaye ni ina gabas.

Maganar Suhaila gaskiya ce. Na san kalmar coci, na zaɓi majami'a don ta fi taushi a kunne, na ce in an ɗaura aure na yi bayani a zaune. Ban zaci za ta yi taushi har ta zama masallaci ba. Ki ba ta haƙuri, ke ma ki yi haƙuri.

Kafin in karɓi aikin na tambayi malamai biyu a nan. Ɗaya ya ce in bari. Ɗaya ya ce kafinta ba ya shiga niyyar mai gida, in yi aikina in riƙe sallata. Na koma wa na farkon da maganar na biyun, ya ce to in yi amma kada in ji daɗinsa. Wannan ne na kasa, Gwaggo, don ina jin daɗin aikin.

Yaya Nasir ya ce in sauko. Ba zan iya ba yanzu. Rabin rufin a buɗe yake, leda ce kawai a kai, ruwan kaka ya kusa. Mu huɗu ne, kuma ni ne mai naɗin lanƙwasar hasumiya. In na tafi katakon da ya shekara ɗari uku zai sha ruwa. Na ba mutanen nan alkawari, sun yarda da ni. In na gudu na bar su a buɗe don in samu mata, ban san da wane ido Yaya Nasir zai ba ni amanar ƙanwarsa ba.

Matar ofishin tarihi ma ba ta bar ni na huta ba. Na yi layi guda miƙaƙƙe kamar an ja da zare, ta hau ta duba ta ce in kwance. Wai na da a karkace yake, a karkace za a mayar. Kwana biyu na yi ina koyon karkata. Mutanen gari kuma suna tsayawa a ƙasa suna faɗa, wai mun cire musu kore mun sa ja kamar tukunya. Na gaya wa wani tsoho sai ya shekara ashirin ko fiye kafin ya koma kore. Ya ce shi shekararsa tamanin, wa zai jira?

Amma ina kallon matar nan tana juya tsohuwar ƙusa a tafin hannu kamar zinariya, sai in tuna gidanmu na Tandabawi. Lokacin da aka rushe layin ina Kano. Ko sakatar ƙofar shagon Baba ba wanda ya ajiye mini. Ina ganin shi ya sa nake kwance layi in sake ba tare da na yi mata musu ba.

Sauran dardumai suna masallacinmu na gari, wani tsohon shagon taya ne bayan tashar jirgi. Sun yi murna ƙwarai, sai dai in ana ruwa naɗe su ake yi, don rufin yana yoyo. Ta Hajiya Saudatu tana sahun gaba.

In Yaya Nasir ya tsaya a kan bakansa, zan karɓi ƙaddara. Amma Suhaila nake so, ba ni da wata a zuciya.

Ɗanki,
Tsoho

*

Makka, Rabi'ul Awwal

Ɗana Tsoho,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na sauke ajiyar zuciya da batun bokiti, amma nan gaba in za ka suma, ka suma a waje.

Na karanta wa Suhaila takardarka, don ita ba ta iya karatun Hausa, sai na Larabci. Ban tsallake komai ba. Da na zo wurin sakata ta tashi ta shiga kicin ta daɗe. Da ta fito ta ce, "Mama, wannan ce takardarsa ta farko da ba kwana a ciki." Lambar dai ba ta buɗe ba tukuna.

Nasir ya yi ta faɗa. Na bar shi ya gaji, sannan na tambaye shi, in direbansa ya sauke alhazai a tsakiyar hanyar Muzdalifa don an yi masa albishir da mata, zai sake ba shi mota? Ya ce ba ɗaya ba ne. Na ce na ji, sha shayinka.

Yanzu ga tawa maganar. Na faɗa wa Zahir kaf cewa surukina yana rufin masallaci a Jamus. Na kai shekarun nan ba a taɓa kama ni da ƙarya ba, ba kuma zan fara a kanka ba. Ka ce masallacinku yana yoyo. Kai mai rufi ne, kana salla a ƙarƙashin yoyo, kana can kana lallashin zakaran wasu. Ka gama musu nasu tunda ka yi alkawari. Ranar da ka sauko, ka hau na Musulmi. Ka rufe shi, ka sa masa hilali, ka ɗauki hoto kana tsaye a kai, fuskarka ta fito sosai. In hoton ya zo, maganata ta zama gaskiya, sai dai a ce na riga aikin faɗa. Nasir ya ce in ka yi haka shi ma ya sauka.

Saudatu ta ji dardumarta tana sahun gaba. Yanzu cewa take ita ta san inda ta aika kayanta tun farko.

Gwaggonka,
Ummulkhairi

*

Jamus, watan Nuwamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Nan sanyi ya shigo, yatsuna sun faffashe, amma alhamdu lillahi.

Mun gama cocin kafin ruwa ya yi ƙarfi. Matar tarihi ta zagaya ta duba, ta ce ya karkace yadda ya kamata. An kwance ƙarafunan hawa, washegari na tafi masallaci.

Wallahi Gwaggo, cocin ya fi sauƙi. Can mace ɗaya ce take ba ni umarni. Nan kwamiti ne. Baturke ya ce a yi ƙubba. Basomale ya ce ƙubba bidi'a ce a kan shagon haya. Wani Bahaushen Kumasi ya ce shi dai a toshe daidai inda yake zama. Mai ginin, wani Bajamushe, ya ce mu yi abin da muka ga dama muddin ba za mu taɓa allon tallar tayarsa ba, don na mahaifinsa ne.

Rufin shimfiɗaɗɗe ne na kwalta, ba ya ɗaukar jan ƙarfe. Na ɓamɓare ruɓaɓɓen na shimfiɗa sabo, abokan aikina biyu suka taya ni a ranakun hutu ba wanda ya roƙe su. Maigidan aikinmu ya bar mini guntayen farantin da suka rage, na yi rumfa a bakin ƙofa inda ake cire takalma, na ƙera hilali na kafa a kai. Ranar Juma'a aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ba a naɗe darduma ko ɗaya ba. Liman ya yi wa matan Zahir addu'a a huɗuba, da Turkanci, amma na ji sunanki a ciki.

Ga hoton. Ni ne a sama da jar hula. Rubutun da ke ƙarƙashin ƙafata na taya ne, ba yadda na iya da shi.

Jiya da rana wayata ta yi ƙara, na ga Suhaila. Kalma ɗaya ta rubuto, wai tayyib, wato "to". Na amsa da shafi guda.

Ɗanki,
Tsoho

*

Makka, Jimada Ula

Ɗana Tsoho,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Hoto ya zo, an yi masa gilashi. Mai gilashin ya sa katakon ya ɗan hau kan rubutun tayar, ban ce ya yi ba, ban kuma ce ya gyara ba. Matan layi sun zo sun gani. Saudatu ta ce masallacin ƙarami ne. Na ce ai lada ba a awo.

Nasir ya sa milka a Rajab, bayan sallar la'asar. Ka nemi bizar Umra tun yanzu. Ka zo da babbar riga ta mutunci, kada ka zo mana da wandon nan mai aljihu goma. Daga yau kuma har a shafa fatiha kada ka hau rufin kowa, na Musulmi ko na wani. Ban shirya karɓar ango a kan sanda ba.

Saura magana ɗaya, ita ma ta takarda ce. Suhaila ita ce autata. Tun rasuwar mahaifinta ɗaki ɗaya muke kwana, ita take shafa mini magani a gwiwa, ita take faɗa da ni a kan shinkafa. Shekaranjiya na ga ta sayo rigar sanyi mai kauri tana gwadawa a madubi, a Makka, mukayyif yana aiki. Na yi dariya a gabanta, na shiga banɗaki na yi abin da ba dariya ba.

Jiya na sa Nasir ya kai ni kasuwa na sayo irinta, babba, baƙa, ta kai mini har idon sawu. Ya ce, "Mama, ina za ki da wannan?" Na ce ya kula da tuƙinsa.

Saboda haka ka amsa mini dalla-dalla, da kalmomin da na sani. Gidan da za ka ajiye ta, a hawa na nawa yake? Akwai lif, ko matakala ce? Kuma akwai ɗaki na biyu? In babu, ka fara nema. Ba zama zan yi ba, wata uku ne kawai a shekara, kuma ba na cin abincin Turawa, ka tanadi tukunya babba.

Allah ya yi maka albarka, ya kawo ka lafiya.

Gwaggonka,
Ummulkhairi